Jar Motar Kawu a Ofishin Inshora

Da kawuna ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya sayar da tsohuwar motarsa mai tafiyar hawainiya, ya sayo wata guntuwar jar mota ta hannu, mai ƙofa biyu, wadda bayanta ke buɗewa sama. Ni na raka shi ofishin inshora don a sauya takardu.

Matar da ke kan tebur ta tambaye shi girman injin. Kawu ya gyara zama kamar yana majalisar abokansa.

"'Yata, wannan ai ba mota ba ce, jirgi ne. Wanda ya sayar mini ya sauya mata bututun hayaƙi, ya ƙara wa injin ƙarfi. Kafin ki ƙifta ido ta wuce ɗari da sittin."

"To, Baba," in ji ta, tana danna kwamfuta. "Tayoyin fa?"

"Na tsere ne!"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafarsa ya ci gaba da yabo, ita kuma ta ci gaba da dannawa. Da ta juyo masa da allon, kuɗin ya ninka na tsohuwar motar sau uku.

"Amma 'yata, ni tunda nake ban taɓa wuce arba'in ba."

"Babu gurbin rubuta wannan a nan, Baba."

Ya biya. A hanyar gida ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, allura tana kan talatin da biyar. Wani mai keke ya wuce mu yana kaɗa mana ƙararrawa.