Fasinja Ɗaya

Direba mutum ne da bai taɓa yarda kujera ta tafi a banza ba. A motarsa ta haya mutum biyu yake cusawa a gaba, in ka yi ƙorafi ya ce ka ɗan matsa, ai duk 'yan'uwa ne. Da wannan halin nasa ya raka matarsa asibiti neman haihuwa, bayan shekarun da gidansu ya yi shiru babu kukan jariri.

Aka haɗa ƙwan matar da irinsa a ɗakin gwaji, 'yan tayi huɗu suka kama. Direba ya so a mayar da su mahaifa tun rana ta uku a wuce wurin. Likitar, wata mai tabarau da ba ta gaggawar magana, ta ce tunda suna da yawa gara a jira rana ta biyar, lokacin ne ake gane wanda ya yi ƙwari. Ya yi ta mita a hanya, har matar ta tuna masa cewa shi ne mai yini a tasha yana jiran mota ta cika, amma ga kwana biyu sun gagare shi.

Da ranar ta zo, biyu ne suka ci gaba da girma. Direba ya ce a sa su duka. Likita ta ce ɗaya za a dasa, a daskarar da ɗayan a ajiye musu. Biyu a tare, in ji ta, tagwaye suke jawowa, su kuma sukan zo bakwaini, ga uwa ta sha wuya.

"Likita, ni fa ban taɓa tashi da fasinja ɗaya ba," ya ce. "Asara ce."

Da raha ya faɗa, amma tsoro ne fal cikinsa. Sun taɓa gwadawa ba a dace ba, matarsa ta daɗe ba ta yi dariya ba, kuma ba ya son ya sake ganin haka.

Matar ta gyara kwanciya ta dube shi. "Maigida, wannan motar tawa ce. Ɗaya nake so, ya zauna ya sake, ya sauka lafiya."

Kafin ya gama zulluminsa har an yi dashen an gama.

A hanyar gida ya dinga lallaɓa motar yana kauce wa kowane rami, duk da Likita ta ce girgiza ba ta zubar da komai. Na bayansa suka cika titi da hon, ko a jikinsa. A wata mararraba wani mai jaka ya ɗaga hannu, ƙafar Direba ta tafi birki da kanta, don kujerar baya wayam take. Sai ya kalli matarsa, ita kaɗai a gaba, hannunta a kan cikinta.

Ya leƙa ta taga ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ta cika."