Ƙwan Zabbi Ashirin da Ɗaya

Malam Zaharaddini ne ya kashe mini zabbi, Mai Unguwa, tun ba su fito daga ƙwai ba. Ga shi nan zaune da tabarau, ya musa in ya isa.

Ni Furera ban taɓa zama a aji ba, amma ina da ƙirgata, wadda na koya wajen kakata. Hannun dama ɗai-ɗai yake ɗauka. In ya cika biyar aka ƙara ɗaya, sai in dunƙule shi, in ɗaga yatsa guda a hagu. Kowane yatsan hagu shida ke nan.

To mu uku muka haɗa ƙwan zabbi a daminar nan, ni da maƙwabtana Aina'u da Huseina, muka sa wa ƙatuwar kazata ta yi kwanci. Ran nan ina dubawa sai ga sabon malamin lissafin nan da aka kawo mana daga Rijiyar Zaki, ya shigo neman ruwan sha.

"Inna, guda nawa ne?"

Na ɗaga masa uku a hagu, uku a dama.

"Shida?"

"Shida a gidanku! Ashirin da ɗaya. Kuma zai rabu mana uku cif, bakwai-bakwai."

"Ya aka yi kika sani, ba ki raba ba?"

Na ce, "Kai ne fa malamin. In dama ta tashi babu komai, ko ta tsaya a uku, kowa zai samu daidai. Shida-shidan hagu ai ba sa gardama."

Mutumin nan har da tafi. Wai abin da ya yi shekara yana fama da ɗalibai su gane, ga shi a tafin hannuna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har fura na dama masa.

Washegari ina gona, ya zo ya ɗaga kazar da ta yi sati uku a kwance, ya kwashe ƙwan a hula, ya tafi aji ya jera su shida-shida a kan tebur. Tun hantsi har azahar! Wai ƙirga da duwatsu ba za ta ƙayatar da yara ba. Ya dawo da sha tara, biyu sun gangaro ƙasa. Uku a hagu, ɗaya a dama. Wannan ko aljani ba zai raba shi uku ba.

Sauran ma sun huce. Muka jira kwana goma, duk baragurbi. Aina'u ta daina gaishe ni, Huseina kuwa cewa take biyun da suka ɓata soyawa na yi.

Jiya ya ce mini, "Inna, ai yara sun gane darasin."

Sun gane, ni na rasa.

Mai Unguwa, a sa shi ya faɗa a gaban matan nan wanda ya ɗaga kazar. Sannan ya kawo 'ya'yan zabbi masu rai, uku a hagu, uku a dama. Malam, cire tabarau ka ba ni amsa.