Fuskar Egya Bentum

Teku ba ta dawo mana da Egya Bentum ba. Jirginsu ya kife a gaban Elmina cikin damina, sauran masuntan suka fito, shi bai fito ba. Mijin yayata ne, Araba. Ni da ita rumfa ɗaya muke bandar kifi tun muna 'yan mata, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A wurinmu gawa ta dangin uwa ce. Matar mamaci nata kuka ne, ta zauna inda aka zaunar da ita. Dangin suka yi taro suka ce tunda babu gawar da za a kwantar a gadon ado jama'a su zagaya, hotonsa za a kwantar. Nan aka yi cirko-cirko, don Bentum mutum ne mai taurin kai. Kana ɗaga waya don ɗaukarsa hoto sai ya juya maka ƙeya, ya ce shi ba tallan sabulu yake ba. Katin zaɓensa kuwa yana aljihunsa, tare suka tafi. Hoto ɗaya tak ya rage, na ranar da aka sa wa aurensu albarka a coci, yana rataye a ɗakin Araba. Hayaƙin banda da iskar teku sun cinye rabin fuskar, takardar ta manne da gilashi. Amma rabin da ya saura shi ne: ido ɗaya a ƙanƙance saboda rana, da wannan murmushin nasa na gefen baki mai ba ni haushi.

Ɗansu Ekow ya zo daga Takoradi da takalminsa mai tsini, ya ce wannan ba matsala ba ce, akwai wani shago a Cape Coast. Araba ba ta so ba. Da ƙyar ta sauke hoton, ta naɗe shi a zanenta, ta ce in raka Ekow, kuma in tabbatar an dawo mata da tsohon yadda yake.

A allon shagon an jera kalmomin Turanci tun daga sama har ƙasa, duk farkonsu iri ɗaya. Ekow ya bi su da yatsa yana yi mini fassara cikin alfahari: wannan a sake ginawa, wannan a sabunta, wannan a farfaɗo, wannan a mayar da abu yadda yake a da. Na ce Turawa dai sun tara sunaye wa aiki ɗaya. Mai shagon ya ce in kwantar da hankalina, kwamfutarsa tana cike duk inda ya ɓace a fuska. Na faɗa masa saƙon Araba har sau biyu, yana ta gyaɗa kai yana amsa waya.

Ranar karɓa ya buɗe mana ƙaton hoto, sai ga wani mutum yana kallona. Fata sumul, hanci miƙe, haƙora farare reras, har da kwat da laktaye. Kyakkyawa ne, ban hana shi ba, amma ban taɓa ganinsa ba. Na tambayi tsohon. Ya ce ai ya jiƙa shi don ya raba shi da gilashin, sai fuskar ta salle, kamar fatar kifi idan ta kama raga. Kwafin da ya ɗauka a kwamfuta kuma a kansa ya yi aikin, bai ajiye wani ba. Na zage shi, zagin da har masu tireda suka leƙo. Zagin bai dawo da komai ba.

Dangi kuwa hoton ya burge su. Babban kawun ya ce yanzu ne Bentum ya fito da mutunci, baƙi daga Accra za su san gidan ba na banza ba ne. Da Araba ta ce wannan ba mijinta ba ne, sai wata tsohuwa a cikinsu ta ce mata mai takaba ba ta da baki a taron dangi. Aka buga fuskar a atamfar makoki, da riguna, da hankici, da ƙaton allo a bakin titi.

Ranar jana'iza masunta suka zagaya gadon suna ƙunshe dariya. Wani ya ce wa na kusa da shi, "Bentum ya shiga teku masunci, ya fito lauya." Ni ma na kusa darawa, sai na dubi Araba. Tana zaune a gefen gado, baƙon mutumin nan a ƙirjinta, a cinyarta, a ɗankwalinta, ko hawaye ba ta yi. Zuciyata ta karye.

Haka ta yi ta ɗaura atamfar watanni, don al'ada ce. Ekow ya kafa babban hoton a ƙusar da tsohon yake. Jikoki suna nuna shi suna cewa ga kaka. Duk inda ta juya a unguwa, wani yana sanye da rigar.

Wata safiya muna jera kifi a kan raga, hayaƙi yana shiga mana ido, Araba ta tsaya da kifi a hannu.

"Esi, in na rufe ido wancan mutumin nake gani."

"Wane mutum, Yaya?"

"Na jikin zane. Ina kiran Bentum, shi yake zuwa."

Ta ce in siffanta mata shi. Na buɗe baki da ƙarfin gwiwa, ni da na shekara talatin ina faɗa da mutumin nan. Na tuna muryarsa, na tuna tafiyarsa da warin tabarsa. Da na zo kan fuska sai ga miƙaƙƙen hancin nan da fararen haƙora. Na koma jera kifi, ita ma ba ta sake tambayata ba.

Bentum yana da wa a Moree, Egya Annan, uba ɗaya suke. Sun ɓata tun da daɗewa a kan injin jirgi, ko jana'izar bai zo ba, Araba kuma ta taɓa rantsuwa ba za ta taka ƙofarsa ba. Ranar Talata, da ba a shiga teku, ta ce in shirya. Muka hau mota da ƙunshin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da bandar kifi.

Muka same shi a gindin kwakwa yana ɗinkin raga. Ya ga atamfar jikinta ya ɗaure fuska, ya ce in maganar injin ce ta kawo mu, mu koma inda muka fito. Araba ta ajiye ƙunshin a gabansa, ta durƙusa a kan yashi.

"Yaya, ban zo karɓar komai ba. Kallonka kawai zan yi."

Tsohon ya dube ta, ya dube ni, sai allurar ta tsaya a hannunsa. Ya gyara zama ya bar ta. Ta ce ya ɗan juya, ya juya. Ta ce ya ɗaga kai, ya ɗaga. Ta daɗe tana kallo, har ya sa bayan hannu ya goge ido. Sannan ta yi godiya, ta miƙe, ta kakkaɓe yashi.

A mota idonta a rufe, leɓenta yana motsi. Sai da muka kusa gida ta kama hannuna gam.

"Na samo goshin, Esi, na samo kunnen. Idon fa, wa zan je in roƙa?"