Rumfa a Kan Kwalekwale

Tartsatsin wuta na ƙarshe ya faɗa cikin ruwa ya mutu. Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya kashe janareta, sannan ya juya ga mahaifinsa.

"Baba, bismillah. Taso ka ga sabon ɗakinka."

Tsohon masunci ya miƙe daga kan kututture yana gyara baƙin tabarau, wanda bai rabu da shi ba tun da aka cire masa yana a idon dama. Ya tsaya gaban kwalekwalensa kamar wanda ya zo gaida baƙo. Ƙafafu huɗu na bututun ƙarfe sun tashi daga gefunan jirgin, an shimfiɗa musu shuɗin tamfol a sama, an ɗaure tamau. Aiki ne mai tsabta, ko maƙiyi ba zai kushe shi ba.

Likita ya riga ya faɗi tasa a gaban matar tsohon da ɗansa: ƙyallin rana a kan ruwa ne ya ci idon, in kuwa ya koma kamar da, na hagun ma zai bi sahu. Daga nan iyali suka yanke hukunci. Ko dai a yi wa jirgin rumfa, ko kuwa ya bar ruwa ya tare a gidan ɗansa cikin gari. Ya san ɗakin da aka tanadar masa can, domin a ciki ya yi jinya. Akwai fanka, akwai katifa mai laushi, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Allah shaida ne, bai raina alherin ba, amma har ya baro ɗakin numfashinsa bai taɓa sauka har ciki ba.

Ya kama ƙafar rumfa ɗaya ya girgiza. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ta ina ake kwance ta?"

"Ba a kwancewa, Baba. Inna ce ta ce in liƙe da wuta. Ta ce in na sa noti, kana shan kwana za ka warware ta ka ɓoye cikin ciyawa."

"Ƙarya na yi, Malam?" in ji matar tsohon, tana tura ƙullin abincinsa ƙarƙashin mazauni.

Tsohon ya saki ƙarfen. Idonsa na kan tsayin rumfar, wadda iyakarta ƙirjinsa.

"Da me ka auna ta?"

"Da kai na auna, ranar da kake zaune a bencin asibiti. Na ƙara taƙi guda a kan hularka. In ta fi haka tsawo, iska za ta kife ka."

Gaskiya yaron ya faɗa game da iska. Abin da bai sani ba shi ne, birgi, ragar kamun kifinsa, a tsaye ake jefa shi. To, ina zai sani? Tsohon da kansa ya janye shi daga bakin ruwa tun yana ƙarami, ya kai shi koyon ƙarfe, yana cewa gida ɗaya ya ishe shi mutum ɗaya da ruwa ke ci wa ƙafa. Ya dubi jajayen idanun ɗan nasa, ya dubi sabon ƙuna a bayan hannunsa, ya tuna yaron ya rufe shago ne domin wannan aiki. Maganar da ta taso masa ta koma inda ta fito.

"Allah Ya yi maka albarka," ya ce. "Allah Ya ba ka mai yi maka."

Ya sunkuya ya shiga, kamar mai shiga akurki.

Bai yi nisa ba ya haɗu da Gajere, abokinsa tun na ƙuruciya, yana tsaye ƙyam a nasa jirgin da birgi a kafaɗa.

"Salamu alaikum, masu shago! Akwai sukari? In babu a ba ni ashana."

"Wuce ka ba ni wuri. Kai da ko ƙarƙashin kwando aka kife ka za ka miƙe tsaye ka yi jifa."

"Wallahi daga nesa na ɗauka makara aka ɗauko. Har na fara salati."

Suka yi dariya tare, amma ta tsohon ba ta wuce haƙora ba.

A gindin wani dutse, inda kifin karfasa ke taruwa da hantsi, ya ga ruwa yana tafasa da su. Zuciyarsa ta buga irin ta saurayi. Ya rarrafa zuwa goshin jirgin, ɗan wurin da rumfa ba ta kai ba, ya miƙe da ƙyar. Ya tattara birgin a hannun hagu, ya yafa wani sashe a kafaɗa, ya ciji bakin ragar da haƙori, ya ambaci sunan Allah. Jifan birgi daga ƙugu yake fitowa. Sai mutum ya murɗa jikinsa baya sosai, darmar da ke bakin ragar ta yi lilo, sannan ya saki, ta buɗe a sama kamar faifai ta sauka a kan kifi gaba ɗaya. Ya murɗa. Darma ta daki ƙarfe, ƙarar ta ratsa ruwa, ragar ta naɗe ƙafar rumfa, shi kuwa saura kaɗan ya faɗa. Kafin ya warware ta, ruwan ya kwanta lumui kamar ba a taɓa halittar kifi a cikinsa ba.

Ya gwada a durƙushe, birgin ya faɗi a gefen jirgi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya gwada ta baya, ƙarfe ya tare shi. Duk inda ya juya, alherin ɗansa yana tsaye yana jiransa.

Can iska ta taso. Tamfol ya cika ya kumbura, jirgin ya daina jin maganar filafilin tuƙi. Ya tuƙa dama ya tafi hagu, har iskar ta kai shi cikin dogayen ciyayi ta cusa shi, ta bar shi nan.

Ya zauna yana haki. Tun tasowarsa, da inuwarsa a cikin jirgi yake gane shigar azahar. Yau jirgin duka inuwa ne. Sai da ya leƙo da kai waje ya ga rana ta gota. Ya ɗebi ruwa ya yi alwala, ya yi salla a zaune. Ya san addini ya yi rangwame ga wanda tsayuwa ta gagara, ya sha karantar da wasu hakan, amma bai taɓa zaton zai buƙaci rangwamen da ƙafafunsa lafiya lau ba. Bayan sallama ya daɗe yana maimaita addu'ar Annabi Yunusa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda shi ma ya kira Ubangijinsa daga wurin da ba a iya miƙewa.

Sannan ya zaro wuƙa ya ɗora a kan igiyar tamfol. Domin ya ga ƙullin da kyau, ya zare tabarau. Hasken da ya taso daga ruwa ya soki idon kamar allura, hawaye ya zubo, duniya ta yi fari fat. Ya yi maza ya mayar. Ko ya yanke tamfol, ƙarafan suna nan. In kuwa ya koma gida ba rumfa, ɗakin nan mai kallon bango yana jiransa, da fankarsa. Ya mayar da wuƙar kube.

Yunwa ta sa ya jawo ƙullin abinci. Da ya kwance, sai ya ga wani gwangwani a gefe. A ciki akwai zaren fatsa a naɗe, da ƙugiyoyi, da tana a cikin danyar ƙasa. Ya daɗe yana kallonsu. Shi ne mutumin da ya sha faɗa a bakin ruwa cewa fatsa sana'ar wanda ya gaji da duniya ce, ya zauna yana roƙon kifi ya taimake shi.

Ya sa tana a ƙugiya. Hannunsa bai manta ba.

Da la'asar sakaliya iska ta faɗi, ya turo jirgin zuwa gaɓa. Mai Walda na tsaye har ruwa ya jiƙa masa wando.

"Baba, yaya rumfa?"

"Inuwa ta yi sanyi, alhamdu lillahi. Ko gumi ban yi ba."

Fuskar yaron ta washe. Ya kama jirgin ya ja shi kan yashi, ya tafi ɗaura janareta a babur yana waƙe-waƙensa.

Matar ta leƙa cikin jirgi. Tarwaɗa biyu ƙanana suna motsi a ƙasa, kowace da huda a leɓe. Ta kwashe su a kwano.

"Kin san birgi ba ya jefuwa a zaune," ya ce da ita a hankali.

"Na sani, Malam. Tun ina amarya nake kallon jifanka daga nan."

"Shi ya sa kika ce a liƙe da wuta."

"Idon nake so ya kai ka masallaci da ƙafarka."

Ya hango Gajere can nesa, ragarsa ta buɗe a sama ta sauka.

"Gobe ki ƙara tanar," ya ce. "Ta yau ba ta isa ba."

Ta ɗauki birgin za ta shanya a kan igiya kamar kullum, sai ya ɗaga mata hannu.

"A'a. Ki wanke shi, ki rataye a cikin ɗaki. Rana tana cin zare."