Rubutun Bayan Robar Barkono

Uwaisu mutum ne da ba ya sayen abu sai ya karanta bayansa. A ɗakin gwajin jini na asibitin da yake aiki, sau biyu yake duba lambar kowace kwalba, kuma halin ya biyo shi har gida, inda matarsa Rafia take tsokanarsa da cewa ko ruwa ne sai ya nemi ranar lalacewarsa. Saboda wannan hali ne surukarsa, Hajiya Safiatu, take cin abincin gidansu ba tare da tambaya ba, alhali a ko'ina cikin New York sai ta ji wanda ya yanka da abin da aka zuba kafin ta kai loma baki.

Wata ranar Asabar da Hajiya za ta zo musu yini daga unguwarta ta Park Hill, Uwaisu ya ƙudura yi mata gashin nama irin na Koriya, wanda abokin aikinsa Mista Yun ya koya masa. Naman daga mahaucin halal ya fito, an yanka shi siriri kamar takarda. Mista Yun ya sha gaya masa cewa nama kowa ya iya gasawa, abin dangwalawa shi ne aikin. Don haka tun da hantsi ya jera ƙananan kwanoni a kicin. A na farko ya zuba man riɗi da gishiri da masoro. A na biyu ya jiƙa albasa a ruwan waken suya da ɗan lemon tsami. Na uku shi ne babba, wanda suke kira samjang: ya ɗebi kwaɓaɓɓen waken Koriya mai warin daddawa, ya haɗa da jan kwaɓin barkononsu, ya kirɓa tafarnuwa, ya yanka lawashi, ya ɗiga zuma, ya yi ta juyawa har ya yi sheƙi. Da ya ɗanɗana, sai da ya lumshe ido.

Yana rufe robar barkonon ne ya juya ta. A kanti ya karanta bayan robar waken tsaf, ita kuwa wannan ya ga kamfaninsu ɗaya, sai ya jefa ta a kwando. Yanzu ga wata 'yar farar takarda da Turanci, an manna ta a ƙarƙashin rubutun Koriya. Shinkafa, barkono, gishiri, sannan can ƙarshen layi, barasa.

A daidai lokacin aka danna ƙararrawa daga ƙasa.

Ya tsaya da robar a hannu yana ba kansa hujja. Ɗan kaɗan ne ake sawa don kada ya lalace. Ya taɓa jin malamai sun yi saɓani a kan irin wannan. Amma ya san matar da take hawowa bene. Ita ce ta taɓa juye kwalbar ƙamshin kek ɗin Rafia a bututun wanke-wanke saboda wannan kalmar. Kafin ya yanke shawara, Rafia ta shigo ta ɗauke farantin naman da kwanonin uku ta fita da shi.

"Yau kuma ɗan Kano ya zama ɗan Koriya?" in ji Hajiya bayan an gaisa, tana kallon kaskon lantarkin da ke tsakiyar tebur. "Rafia, ke kina zaune miji yana kicin. A Kumasi da an yi da ke."

"Mma, shi ya kore ni. Ya ce zan ɓata masa measurement."

Uwaisu ya nuna mata yadda ake yi: a ɗauki ganyen latas, a ɗora nama, a shafa abin dangwalawa, a naɗe. Hajiya ta ɗauki tsoka, ta yi bisimilla, ta miƙa hannu kan kwano na uku. Yana kallon hannun. Akwai lokacin da zai ce ta dakata, lokaci isasshe, sai ya sunkuya yana juya naman da bai kai juyawa ba.

"Malam Uwaisu, wannan ya yi daɗi paa," in ji ta. "Ya kusa kamo shito, soyayyen yajinmu na Kumasi. Kusa na ce, kada kanka ya kumbura."

Ta ci ta ƙara. Shi kuwa ya koma kan man riɗi da gishiri. Da la'asar, da za ta tafi, ta ce a sa mata ragowar, Rafia ta juye mata a kwalba ta ɗaure a leda. Har bakin tasha ya raka ta, shi ya riƙe mata ledar.

Washegari da safe ya ce wa Rafia ana nemansa a wurin aiki. Ya sa robar a jaka, ya bi jirgin ƙasa daga Grand Concourse da ke Bronx har ƙarshen Manhattan, ya hau jirgin ruwa, ya hau bas. Duk tsawon hanyar yana shirya magana, kuma kowace ya shirya sai ya tarar ta fara da kare kansa.

Hajiya ta buɗe ƙofa da mamaki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ƙi zama a kujera. Daga inda yake yana hango kwalbar a kan tebur, saura kaɗan a gindinta.

"Lafiya dai? Ina Rafia?"

"Lafiya lau take, Mma. Wannan na kawo ki gani."

Ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga, ta bi layin da yatsa har ƙarshe. Sannan ta gaya masa cewa matan da suke zuwa karatu wurinta ranar Lahadi ba su daɗe da tashi ba, Muniratu da Fauzia da wata tsohuwa 'yar Nijar, kuma dukansu sun ci da doya. Ta ce musu su ci hankali kwance, surukinta ne ya haɗa.

"Yaushe ka gani?" ta tambaya.

Ƙofar tsira ce ta buɗe masa da wannan tambayar. Da ya ce jiya bayan tafiyarta, da an wuce wurin da addu'a, har ma ta yaba masa da ya tako tun daga Bronx.

"Kafin ki ci, Mma."

Ta cire tabaran ta naɗe. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Wanda ya ci bai sani ba, Allah ya san bai sani ba," in ji ta a hankali. "Amma sai na gaya musu, don Fauzia ta tafi wa mijinta da shi."

Ta ɗauki waya ta kira, ta sa ta a amsa-kuwwa kamar yadda ta saba. Da Fauzia ta ɗauka, Hajiya ta ce kada a ba maigida abin nan, a zubar. Ta ce ita ce ta ƙara masa wani barkono na kanti da safe ba ta duba ba, ashe da barasa a ciki, tsufa ya fara cin idonta.

"Hajiya, ke da kike hana mu sayen biskit?" in ji Fauzia tana dariya. "Yau dai an kama ki."

"An kama ni, 'yar nan."

Uwaisu ya yunƙura zai yi magana, ta ɗaga masa hannu har ta kashe wayar.

"Mma, ba haka aka yi ba. Ki bar ni in faɗa musu."

"In sunanka ya shiga bakin matan gidan nan, sunan 'yata ne ya shiga. Ni tsohuwa ce, za su yi dariya kwana biyu su manta." Ta nemo lambar Muniratu, sannan ta dube shi sosai, karo na farko tun da ya amsa mata. "Rafia ta san kana nan?"

"Na ce mata aiki zan je."

"To wannan kuma ba ni zan ɗauka maka ba. Ka koma gida ka gaya mata, duka biyun."

Ta danna kiran. Ya ci gaba da durƙuso a kan kafet, jakar tana gefensa, yana jin wayar tana ringi a wani ɗaki na saman bene, yana jiran ya sake jin ta faɗi abin da ba ta yi ba.