Abin da Malam Goni Ya Gani

Ranar da aka fita duban watan azumi, Malam Goni ya ga abin da ba wata ba.

A unguwar Kwaciri idonsa ne mutuncinsa. In ya ce ya ga jinjirin wata, liman ba ya ƙara tambaya. Shekara da shekaru a saman benen Boniface yake dubawa, wani mai sayar da fanka da rediyo a Kasuwar Sabon Gari, don benen dogo ne kuma babu abin da ya tare masa yamma. Boniface kan hau da kujera, ya tsaya yana taya shi neman watan da ba zai yi azuminsa ba.

Rana ta faɗi ke nan sai ga wasu fitilu can sama. Babu ƙara, babu ƙiftawa irin ta jirgi. Suka jera, suka tsaya cak, suka ɓace.

"Malam, ka ga wannan?" in ji Boniface.

"Ni wata aka aiko ni dubawa."

Kafin ya sauko, Goni ya gama tunani. Wanda ya ga fitilu suna yawo yau, wa zai karɓi watansa baɗi? Za a ce ido ya tsufa, masu ladabi ke nan. Sauran za su ce kai ne ya taɓu.

Boniface bai yi wannan tunanin ba. Washegari ya ba da labari a kasuwa.

"Oga, wace kwalba ce ta nuna maka?" in ji maƙwabcin shagonsa.

"Ni da hawan jini? Ku tambayi Malam Goni, tare muke."

Aka kuwa tambaya, a ƙofar masallaci, cikin jama'a.

"Wata na gani," Goni ya ce. "Sauran ku tambayi mai bene."

Bai yi ƙarya ba. Amfanin karatu ke nan. Daga ranar sunan Boniface ya koma Mai Fitila, har masu turin baro da shi suke kiransa.

Bayan salla rediyo ta ce sojoji sun kai rahoton wasu fitilu uku da suka gani a wancan yammacin, kuma ba su san ko mene ne ba. Kafin la'asar rabin kasuwa ta gan su. Mai maganar kwalba ma ya ce ta kan gidansu suka wuce.

Goni ya sa hula ya tafi Sabon Gari. Ya tarar da Boniface yana haɗa fanka.

"Boniface, na zo ne..."

"Sannu, Malam. Ya ido?" Ya jawo makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur. "Na ƙofar sama ne. In wata ya zo, ka hau abinka. Ni ƙafata ta daina son bene."

Goni ya buɗe baki, sai wata mata ta shigo tana tambayar fankar da ke aiki in an ɗauke wuta. Boniface ya juya gare ta. Ciniki ya yi tsawo. Da ta fita wani ya shigo.

Goni ya ɗauki makullin ya koma gida. Har yau ana karɓar watansa. Bai taɓa samun gaya wa Boniface cewa sojojin ma ba su iya kallo ba: fitilun huɗu ne.