Zakaran Waɗanda Aka Ci

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne a unguwar Yalwawa ta Dutse, bai taɓa buga ƙwallo ba. Autanmu Jamilu kuwa ƙwallo ce ransa, sai dai in aka ci su a fili, cizon yara yake yi. Iyaye suka yi ta sallama a ƙofar gidanmu, har mai unguwa ya ce in ya ƙara, shi da fili har abada.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ciwon ƙirji kuma ya fara cin maigidan nawa. Ya ce min, "Lauratu, ba zan bar miki mai cizo ba. Zan yanka zakaran nan, ki dafa."

Ya haɗa wasa tsakanin yaranmu da na unguwar Takur. Ya ce zakaran na waɗanda aka ci ne, don yara su san faɗuwa ba mutuwa ba ce.

Ni na yi kuskuren buɗe tukunyar a bakin fili. Ƙamshi ya tashi. Ana hura usur kowane yaro ya juya ya nufi ragarsu, don a ci su su sami zakara. Mai tsaron ragar Takur ya koma gefe ya zauna. Namu suka ruga suka tsare masa ragar, kada 'yan Takur su ci kansu. Malam Aji, dattijon da ya rako yaran Takur, yana ta ihu, "Zailani, ɗan nema, ba can ba ne! A'a, can ɗin ne, buga!"

'Yan Takur suka fi iya cin kansu. Namu suka yi nasara, suka rasa zakara. Jamilu ya nufi Zailani baki buɗe. Na dafe ƙirji.

Kafin ya isa, Malam Aji ya ɗauki tukunya. Maigidana ya riƙe ta, ya ce wanda ya ci kansa ba cinsa aka yi ba.

"Tela, ɗinkinka ma a karkace yake, balle hukuncinka!"

"Saki, Aji, zakarana ne!"

Suka kama kokawa, romo ya kife. Sai ga mijina, da furfurarsa, ya dasa haƙori a kafaɗar Malam Aji.

Jamilu ya tsaya, ya rufe baki. Ya ce, "Inna, haka nake yi?"

Na ce, "Naka ya fi muni."

Shi da Zailani suka raba su. Jamilu ya kamo hannun ubansa ya sa a na Malam Aji, ya ce, "Baba, ba shi haƙuri." Yara suka tsince naman, suka kakkaɓe ƙasa, suka cinye tare.

Jamilu bai ƙara cizon kowa ba. Maigidana kuwa bai ga kakar shekarar ba. Malam Aji ne ya yi masa wanka. Har yau ban sani ba ko da gangan mijina ya yi cizon nan. Ban tambaye shi ba, na ɗauka akwai lokaci.